Haɗin Kan Garuruwa da Aikin Yi ga Samari: Darasi Daga Tarihin Sabon Birni da Isa

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda garuruwan da ke maƙwabtaka da juna za su haɗa kai don samar wa samarinsu aikin yi. Mun zaɓi mu bi ta hanyar tarihi, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya ne. Ƙasar da za mu yi magana a kanta ita ce ta ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a Jihar Sakkwato, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba wa ta farko mutum wajen 207,000, ta biyu kuma wajen 146,000. Arewa da su Jamhuriyar Nijar ce, inda Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi da Madawa suke. Kudu maso gabas kuwa Shinkafi ce, cikin Jihar Zamfara.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan batu ba ɓoyayye ba ne. A farkon watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, kusa da ƙauyen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. Waɗannan bayin Allah barin gida suke yi don neman inda za su zauna lafiya su sami abin sa wa a baka. Waɗanda suka tare su kuma akasarinsu samari ne. Duk wanda ya tsaya a gaban aji yana koyar da 'ya'yan wannan ƙasa, tilas ya tambayi kansa inda za su nufa bayan sun karɓi takardar shaida.

Abin da muke son mu tabbatar shi ne, a wannan yanki ba a taɓa samun gari ɗaya da ya ɗauki nauyin samarinsa shi kaɗai ba. Sana'a tana samuwa ne a tsakanin garuruwa: a bakin gulbin da ya ratsa su, da cikin kasuwannin da suke ci bi da bi, da kan hanyar da ta haɗa su. Duk lokacin da aka yanke wannan zumunci, samari su ne suka fara ji a jikinsu.

2.0 ƘASAR DA GULBI YA ƊINKE

Kafin mu shiga labarin sarakuna, ya kamata mu fara da ƙasar kanta. Gulbin Bunsuru, wanda ya taso daga ƙasar Katsina, da Gulbin Gagare, wanda ya ratso Ƙauran Namoda, suna haɗuwa a yankin Isa su zama Gulbin Rima. Rima ya nufi arewa ta wajen Sabon Birni, inda Gulbin Maraɗi yake zubo masa ruwa, sa'an nan ya karkata yamma da kudu ta Goronyo da Wurno har ya isa Sakkwato. Shi kuwa Gulbin Maraɗi asalinsa daga Nijeriya yake, watau Gulbin Gada na wajen Jibiya, ya shiga Nijar, ya sha Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya komo. Ashe ke nan ruwan da mutumin Tsibiri ya yi lambu da shi, shi ne yake gangarowa fadamar mutumin Sabon Birni.

Wannan tsari ya raba shekara gida biyu. Da damina ana noman gero da dawa da wake a tudu, da shinkafa a fadama. In ruwa ya janye, fadama ta buɗe wani sabon aiki: albasa da taba da dankali da rake da kayan miya, ga su, ga kiwon dabbobin da Fulani da Buzaye suke gangarowa da su daga arewa don ciyawa da mashaya. Manomi yana ba makiyayi karan gona, makiyayi yana bar masa taki. Saboda haka saurayin bakin gulbi yana da abin yi wata goma sha biyu, alhali na kan tudu in ya gama girbi sai ya nemi inda zai kai ƙarfinsa. Kasuwa ce take haɗa waɗannan biyu, kuma ba kasuwa ɗaya ba, jerin kasuwanni ne masu ci sau ɗaya a mako, kowace da ranarta, yadda ɗan koli ko mai awo ko mahauci zai iya cin kasuwa huɗu ko biyar kafin Juma'a ta zagayo.

3.0 DAGA ALƘALAWA ZUWA ISA DA SABON BIRNI

Gobirawa sun gangaro kwarin Rima daga arewa a hankali, da farko a matsayin baƙin Zamfarawa. Wajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, aka kafa Alƙalawa a bakin Rima, wadda kufanta yake cikin ƙasar Sabon Birni. Marigayi Garba Nadama, a nazarinsa na 1977 kan tarihin Zamfara, da Abdullahi Rafi Augi, a nasa na 1984 kan Gobir a kwarin Rima, sun nuna cewa albarkar wannan kwari da hanyoyin fatauci da suka ratsa shi suna cikin manyan abubuwan da aka yi ta jayayya a kansu. A zamanin Bawa Jan Gwarzo Alƙalawa ta tara fatake da malamai da masu sana'a daga wurare masu nisa. Ta faɗi a hannun rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello a 1808, cikin sarautar Yunfa.

Bayan faɗuwarta ƙasar ta zama fagen fama. A 1836 Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Su kuma masu Sakkwato suka tsare iyaka da ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa inda ake zaunar da mayaƙa da iyalinsu. Isa tana cikinsu. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya bi ta nan a 1853, ya kira garin Sansanin Isa, ya kuma bayyana cewa asalinsa sansanin yaƙi ne da aka kewaye da ganuwa saboda Gobirawa da Maraɗawa. Aliyu Ƙarami na gidan Bello ya riƙe garin kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Sabon Birni kuwa ta zo daga baya, cikin rabi na biyu na ƙarni na 19, sa'ad da Ɗan Halima ya saɓa da danginsa na Tsibiri, ya komo kusa da kufan kakanninsa ya kafa gari da yardar Sakkwato, ko da yake amanar ba kullum ta riƙe ba.

Mai karatu zai ce, to, ina haɗin kai a nan, garuruwan da aka gina don su yi gadin juna? Amsa ita ce, ko a cikin wannan gaba akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su. Na farko, Bello bai ɗauki ribaɗi a matsayin barikin soja kurum ba. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya sa raya sana'a cikin wajiban shugaba: ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya rarraba su garuruwa gwargwadon bukata, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Watau tun a wancan zamani an gane cewa gari ba ya tsayuwa da mashi kaɗai. Na biyu, ciniki bai mutu ba. A wannan tafiya ta 1853 Barth ya ci kasuwar Badarawa, kusa da Shinkafi, ya tarar da dubban mutane, auduga ce babbar hajarsu. Audugar nan mata ne suke kaɗa ta, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su ɗauka, kuma da wuya a ce duka a gari ɗaya ake yin waɗannan.

Amma kuma akwai kuɗin da rashin jituwa ya ci. Tsakanin Isa da ƙasar Wurno akwai Dajin Gundumi, wanda maharan Gobir suka mayar abin tsoro. Clapperton ya ratsa shi a 1824 da rakiyar mahayan da Bello ya aiko masa. Barth ya ratsa shi da tafiyar yini da kwana ba hutawa. Hanyar da sai da rakiyar sarki ake binta, ƙaramin ɗan kasuwa ba ya binta, balle yaron da yake koyon fatauci da jaki ɗaya.

4.0 ZUWAN TURAWA: IYAKA, HARAJI DA CIN RANI

Ingila da Faransa sun raba wannan ƙasa a kan takarda tun kafin su taka ta. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka sake gyara ta a 1904 da 1906, sa'an nan Tilho da O'Shee suka bi suka kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Sakkwato kuwa ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903. Da aka gama, Sabon Birni da Isa suka tsinci kansu a Lardin Sakkwato, Tsibiri da Maraɗi kuma a mulkin Faransa. Gida ɗaya na sarautar Gobir ya rabu biyu, gulbi ɗaya ya shiga ƙarƙashin tuta biyu.

Ba za mu musa cewa mulkin Turawa ya kawo ƙarshen hare-haren da suka hana hanya biyuwa ba. Daji ya buɗe, mutane suka fita daga ganuwa suka kafa tungaye. Sai dai ya zo da haraji da jangali waɗanda tilas a biya su da kuɗin Bature, ya kuma juya fuskar ciniki daga arewa zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da ƙirgi suka riƙa bin sa ɗanyu. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ta yi suna a kasuwannin Turai tun tana bi ta Sahara, yanzu sai ta riƙa fita ba a jeme ba. Yadin kanti ya danne saƙi. Aikin da dā ake rabawa tsakanin garuruwan kwari, sai aka koma yin sa a masana'antun ƙetare.

A nan ne cin rani ya bunƙasa. Kenneth Swindell, a nazarinsa na 1984 kan shekarun 1900 zuwa 1933, ya danganta yaɗuwarsa da haraji da mutuwar bauta da yunwa irin ta Kakalaba ta 1914. A ranin 1952 zuwa 1953 aka yi ƙidayar masu fita daga Lardin Sakkwato, wadda R. M. Prothero ya yi sharhinta, aka sami mutum fiye da 250,000 sun wuce ta mashigai, mafi yawansu 'yan lardin, wasu kuma daga ƙasar Faransa. Sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gwanja, da ma'adinan kuza na Jos, da biranen kudu. Cin rani ba abin kunya ba ne, ya biya haraji, ya yi aure, ya rage bakin da ke cin rumbu. Amma ma'anarsa ita ce ƙarfin samarin kwarin Rima yana gina arzikin wasu wurare wata biyar ko shida a kowace shekara.

Duk da haka iyaka ba ta raba zumunci ba. Aure da ziyara da cin kasuwa suka ci gaba. Bambancin kuɗi da farashi tsakanin ƙasashen biyu ma ya haifi wata sana'a. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda yaro yake shiga hannun ubangida a matsayin bara, ya yi masa hidima shekaru, ubangida ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, kuma yawancin wannan arziki a kan cinikin Nijeriya ya ginu. Wannan ita ce makarantar kasuwanci mafi girma da yankin ya sani, ba ta kuwa taɓa tambayar yaro takardar ƙasarsa ba.

5.0 BAYAN MULKIN KAI

Daga 1960 zuwa yau an yi ta yanka ƙasar ana ƙara hukumomi. An yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, a wannan shekara kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi da ya kawar da tsarin En'e. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara, sai Shinkafi, wadda kasuwarta ta ranar Alhamis ita ce uwar kasuwannin yankin, ta koma wata jiha, alhali tana ɗan taƙi kaɗan daga Isa. An ce an yi haka ne don a kusantar da mulki ga talaka, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai kowace sabuwar hukuma ta zo da nata rasit, da nata shinge a kan hanya, kuma idonta yana kallon babban birnin jiha inda kason wata yake fitowa, ba maƙwabciyarta ba.

Ruwa ma haka aka yi masa. A lokacin farin 1972 zuwa 1974 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, aka shiga gina madatsu: Bakolori a 1978, Zobe a 1983 a kan Karaduwa mai zuba cikin Bunsuru, Goronyo a 1984, daga baya kuma Jibiya a kan Gada. Zobe da Jibiya suna sama da Isa da Sabon Birni, a wata jiha, Goronyo tana ƙasa da su. Ke nan ambaliyar da fadamarsu take dogara da ita ta koma hannun ma'aikatan da ba su da wakili a cikinsu. Nijeriya da Nijar sun kafa Hukumar Haɗin Gwiwa a 1971, sun kuma sa hannu a Maiduguri a watan Yuli na 1990 kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na Gada da Gulbin Maraɗi. Amma wannan magana ce ta manyan gwamnatoci, mai lambu a bakin gulbi ba a tambaye shi ba.

Shirye-shiryen samar da aiki kuwa ba a rasa su ba. An kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, lokacin da tsuke bakin aljihu ya rage guraben aikin gwamnati. An zo da N-Power a 2016. Irin waɗannan shirye-shirye suna ɗaukar saurayi shi kaɗai, a koya masa ɗinki ko walda, ko a biya shi alawus na ɗan lokaci, a sallame shi. Tela ashirin a gari ɗaya, in ba hanyar kai ɗinki wata kasuwa, sai su raba talauci tsakaninsu. Wanda ya fi barin alama shi ne shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990, domin ya maye gurbin jigo da rijiyar bututu da ƙaramin injin ban ruwa, watau ya ɗora a kan abin da mutane suka riga suka iya. Amma shi ma ya ƙara yawan albasa da tumatir ne ba tare da ya tanadi wurin ajiya ko hanyar fitarwa ba, sai kaya su yi kwantai a kaka.

Kada kuma mu manta da rufe iyaka: daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zuwa Maris 2024. A kowane karo ɗan dako da direba da ɗan kabu-kabu da dillalin dabbobi su ne suka fara zama, wasunsu kuma suka koma fasa-ƙwauri ta barauniyar hanya.

6.0 SHEKARUN 'YAN BINDIGA

Rikicin da ya faro a Zamfara da satar shanu da rigimar gona da burtali ya malalo gabashin Sakkwato. Ba mu ce rashin aiki kaɗai ne ya haife shi ba. Akwai zalunci a wajen shari'a, akwai cinye makiyaya, akwai makaman da suka kwararo bayan rushewar Libiya a 2011. Amma ɗan makiyayin da aka sace garken ubansa, da ɗan manomin da gonarsa ta gagari zuwa, dukansu samari ne da aka raba da sana'ar gado, kuma daga cikinsu ne 'yan bindiga da 'yan sa-kai suke ɗiba.

A ranar 27 ga Mayu 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a Garki da wasu ƙauyukan Sabon Birni. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetara zuwa yankin Gidan Rumji, inda danginsu suka karɓe su kafin hukumomin agaji su iso, aka kuma zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka yanke layukan waya a can da kuma wasu ƙananan hukumomin Sakkwato. Sunan Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da raɗa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun masu garkuwa cikin watan Agusta. Hanyar Gundumi ta sake zama abin da Clapperton da Barth suka gani. Abin da tarihi yake nuna mana a nan shi ne, maharbin hanya bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, bai san ta jiha ba, bai san ta ƙasa ba. Hukumomi ne kaɗai suke tsayawa a iyaka.

7.0 ABIN DA GARURUWAN ZA SU IYA YI TARE

Wani zai ce maganar sana'a ta jira sai an sami zaman lafiya, tun da ƙaramar hukuma ba ta da soja ba ta da ɗan sanda. Mun yarda tsaro nauyin gwamnatin tarayya ne, kuma in ba shi sauran duk tatsuniya ce. Amma wanda aka ce ya ajiye bindiga, me zai ɗauka? In ba a tanadi amsa ba, sulhu da yaƙi duka ba za su ɗore ba.

Doka ba ta hana haɗin kai ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da ƙananan hanyoyi, ya kuma ba su hannu a aikin gona da ilimin manya da koyar da sana'a. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a biya su kasonsu kai tsaye. Isa da Sabon Birni ma mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Bisa wannan muke ba da shawarwari huɗu.

Na farko, majalisun Isa da Sabon Birni su kafa kwamiti na dindindin, su gayyaci Shinkafi da Goronyo, a sa sarakuna da arɗo-arɗo da shugabannin 'yan kasuwa da direbobi da wakilan samari da mata. Aikinsa na fari shi ne kasuwa: rasit ɗaya ga kayan da za su ratsa yankin, a kawar da shingayen karɓar kuɗi, a kuma haɗa baki wajen neman rakiyar jami'an tsaro a ranakun kasuwa, kamar yadda ayari yake tafiya a dā. Tilas kasuwa ta zama wurin da Bafulatani zai kawo dabbarsa da nononsa ya koma lafiya, domin kasuwar da aka kori ɓangare ɗaya daga cikinta ta zama rabin kasuwa.

Na biyu, a raba sana'o'i maimakon kowa ya kwaikwayi kowa. Ba dole kowane gari ya gina cibiyar koyon sana'a mai keken ɗinki goma ba. Wani ya ɗauki gyaran injin ban ruwa da famfon hasken rana da haƙar rijiyar bututu, wani ya ɗauki casar shinkafa da ajiyar albasa, wani jima da dukanci, yaran kowane gari su shiga ko'ina. Kiwon jar akuya da tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sana'o'in mata ne tun asali, saboda haka a sa 'yan mata cikin lissafi tun daga farko.

Na uku, a ɗora a kan tsarin ubangida da yaro. Maimakon a raba kayan aiki a filin taro, a tallafa wa maƙeri da bakanike da majemi da suka riga suka kafu, su ɗauki yara, a rubuta yarjejeniyar shekarun koyo da jarin yaye a gaban hakimi, kwalejojin ilimi da na fasaha kuma su koya wa yaran karatu da lissafin ciniki su ba su shaida.

Na huɗu, garuruwan bakin gulbi su yi magana da murya ɗaya a gaban hukumar koguna game da lokacin sakin ruwa, su kuma sake shata burtali da mashaya tare, tun da garke ba ya tsayawa a iyakar gunduma.

Game da ƙetaren iyaka, ba mu jahilci wahalar ba. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma tun a 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwanta. Amma akwai abin koyi. Tun farkon shekarun 2000 aka fara shirin haɗa Sikaso ta Mali da Korhogo ta Kwaddibuwa da Bobo Julaso ta Burkina Faso a matsayin yankin ciniki ɗaya, aka kuma yi irin wannan yunƙuri tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi. Darasinsu shi ne, abin da aka rataya a wuyan shugabannin ƙasa yakan tsaya in sun saɓa, abin da 'yan kasuwa da sarakunan gargajiya suka riƙe kuwa yakan ci gaba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. In garuruwan Gobir ba su haɗa kai sun nemi hanyar da za ta sada su da shi ba, ciniki zai kewaye su.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi tarihin Sabon Birni da Isa tun daga Alƙalawa. Mun ga garuruwa biyu da aka kafa bisa gaba, amma gulbi da kasuwa suka tilasta musu cuɗanya. Mun ga yadda iyakar Turawa da haraji suka mayar da samari 'yan cin rani, yadda yawaita hukumomi ya ƙara shinge, da yadda shirye-shiryen gwamnati suka koyar da sana'a ba tare da sun buɗe mata kasuwa ba. Shawarwarin da muka kawo ba sa bukatar sabuwar doka ko rancen ƙetare kafin a fara. Suna bukatar shugabannin majalisu biyu su zauna a tabarma ɗaya, su yarda kowa ya saki ɗan abin da yake karɓa a shinge. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna fata masana da ke wannan taro, musamman 'yan asalin yankin, za su tattara tarihin kasuwannin kwarin Rima da ranakun cinsu da sana'o'insu daga bakin dattawa tun suna raye, domin da yawansu yanzu suna zaman gudun hijira, kuma abin da suka sani shi ne harsashin da za a yi gini a kansa.